Tambayoyi da Amsoshi Kan Haɗa Kundin Asusun Ma'aikata da Sabar Fayiloli ta Cikin Gida

Tambayoyin da ke ƙasa su ne suka fi yawan fitowa daga bakin masu kula da ɗakunan kwamfuta a makarantun kwana, asibitoci da sakatariyoyin ƙananan hukumomi a karkarar Kano da Jigawa, musamman waɗanda suka kafa sabar fayiloli, wato manhajar ajiye fayiloli da raba su irin Nextcloud ko ownCloud, a kan injin da ke cikin harabarsu, alhali suna da kundin asusu irin Active Directory ko Samba ko OpenLDAP tun da farko. Umarnin da aka kawo na Nextcloud ne, sai inda aka ambaci ownCloud da suna.

Mene ne kundin asusu, kuma me ya sa ake haɗa shi da sabar fayiloli?

Kundin asusu rumbu ne guda da hukuma ke rubuta kowane ma'aikaci a cikinsa: cikakken sunansa, sunan da yake shiga da shi, kalmar sirrinsa, adireshinsa na imel da rukunonin da yake ciki, ta yadda kwamfutocin ofis da sauran manhajoji za su riƙa komawa can su yi tambaya maimakon kowacce ta buɗe nata littafin. Ƙa'idar da ake bi wajen yin wannan tambaya ita ce LDAP, wadda ta samo asali a Jami'ar Michigan ta Amurka a farkon shekarun 1990, aka kuma fitar da sigarta ta uku a 1997, ita ce ake amfani da ita har yau. Kundin da aka fi sani shi ne Active Directory na Microsoft, wanda ya zo tare da Windows 2000. OpenLDAP yana nan tun 1998, sannan daga Disamba 2012, lokacin da Samba 4.0 ta fito, ana iya kafa kundi mai aiki irin na Active Directory a kan Linux ba tare da sayen lasisi ba, abin da ya dace da aljihun makarantun karkara.

Ita kuwa sabar fayiloli, ko ownCloud ce da Frank Karlitschek ya fara a 2010, ko Nextcloud da ta ɓalle daga cikinta a 2016, tana zuwa da nata jerin masu amfani. Idan ba a haɗa su ba, an sami littattafai biyu ke nan: a rubuta sabon malami sau biyu, ya haddace kalmar sirri biyu, ranar da ya bar aiki kuma a rufe ɗaya a manta da ɗayan. Wannan na ƙarshe shi ne babban dalilin haɗawar.

Shin haɗawar na nufin a kwafe asusai da kalmomin sirri zuwa sabar fayiloli?

A'a, kuma rashin fahimtar wannan shi ne tushen yawancin ruɗanin da ake samu. Sabar fayiloli tana aiki ne kamar maigadin da ba ya riƙe rajista a hannunsa, duk wanda ya zo ƙofa sai ya aika ofis a tambayo ko an san shi. Idan ma'aikaci ya rubuta sunansa da kalmar sirri, sabar za ta fara shiga kundi da wani asusun hidima nata, ta nemo cikakken adireshin mutumin a cikin kundin, wanda ake kira DN, sannan ta sake ƙwanƙwasa kundin da wannan DN da kalmar sirrin da aka rubuta. Idan kundi ya karɓa, an shiga. Idan ya ƙi, babu wata hanya.

Abin da sabar ke ajiyewa a rumbun bayananta shi ne sunan da ake nunawa, imel, kason wurin ajiya, da wani teburi mai suna `oc_ldap_user_mapping` wanda ke ɗaure kowane mutum na kundi da foldarsa. Wannan teburi ƙarami ne, amma shi ne ƙashin bayan tsarin gaba ɗaya, kamar yadda za a gani a amsar da ta shafi sunan ciki da kuma ta ƙarshe.

Ma'aikatanmu ba su da yawa. Ya cancanci wahalar?

Idan ba ku da kundi tun asali, kuma mutanenku ba su wuce a kirga su da baki ba, kada ku kafa kundi don sabar fayiloli kawai, domin kun ƙara wa kanku inji na biyu mai bukatar wuta da kulawa. Idan kuwa kwamfutocinku sun riga sun shiga Active Directory ko Samba, ko kuna da ɗalibai da ke shigowa da fita duk shekara, to haɗawar ta fi rashinta nesa ba kusa ba.

Me ya kamata a tanada kafin a fara?

A ɓangaren saba, ana bukatar ƙarin PHP mai suna `php-ldap`, sannan a kunna manhajar LDAP user and group backend daga shafin manhajoji. A ɓangaren kundi, ana bukatar sunan injin, lambar ƙofa (port) da ake bi a isa gare shi, tushen da za a fara bincike daga gare shi, misali `dc=makaranta,dc=lan`, da asusun hidima wanda ba na kowane mutum ba ne, misali `cn=nextcloud,ou=hidima,dc=makaranta,dc=lan`. Wannan asusu karatu kawai yake bukata. Kada a ba shi matsayin Domain Admin, kada kuma a yi amfani da asusun shugaban sashe, domin kalmar sirrinsa tana zaune a rumbun bayanan saba, kuma ranar da mai asusun ya canza ta, kowa ya tsaya cak. A cire masa wa'adin ƙarewar kalmar sirri, a rubuta ta a takarda, a sa a ambulan a kulle a ofishin shugaba.

Abu na biyu da ake yawan mantawa shi ne a bar asusun admin guda ɗaya na cikin saba, wanda bai dogara da kundi ba, kuma sunansa bai yi daidai da na kowa a kundi ba. Da shi za a shiga a yi gyara ranar da kundi ya ƙi amsawa.

Wace ƙofa za a bi, 389 ko 636?

Ƙofa ta 389 ita ce ta asali, kuma idan ba a ƙara mata StartTLS, wato hanyar rufe layin, ba, kalmomin sirri suna bi ta waya a fili, duk wanda ya jona na'urarsa a kan layin zai iya karanta su. Ƙofa ta 636 rufaffiya ce tun daga gaisuwar farko, ana kuma rubuta adireshin da `ldaps://` a gabansa. Shawarata ita ce a bi 636 ko da injinan biyu suna ɗaki ɗaya, musamman a makaranta, inda ɗalibai ke kan layi ɗaya da ofis. Samba ma, a saitinta na asali tun 2016, ba ta karɓar kalmar sirri ta buɗaɗɗen layi, sai ta mayar da kuskure mai lamba 8.

Wahalar 636 ita ce satifiket, wato fayil ɗin shaida da injin kundi ke nunawa don a tabbatar shi ne. Dole sunan da aka rubuta a saba ya yi daidai da sunan da ke jikin satifiket, saboda haka rubuta lambar IP a maimakon suna yakan jawo ƙin karɓa. Idan ku kuka sa wa satifiket ɗin hannu da kanku, sai an kai wa saba kwafin satifiket na tushe, a Debian da Ubuntu a nuna mata shi ta layin `TLS_CACERT` a cikin `/etc/ldap/ldap.conf`. Akwai wani akwati a shafin Advanced da ke kashe binciken satifiket gaba ɗaya. Don gwaji aka yi shi, kuma barinsa a kunne yana zubar da rabin amfanin rufewar.

Yaya za a hana kowa da kowa da ke kundi shiga sabar?

Da ƙa'idar tacewa. Akwai guda biyu da ya kamata su tafi tare: ta shafin Users, mai fayyace waɗanda za a lissafa, da ta shafin Login Attributes, mai fayyace waɗanda za su iya shiga da kuma gurbin da za a gwada sunansu da shi, wato `sAMAccountName` a Active Directory ko `uid` a OpenLDAP. Hanya mafi tsafta ita ce a buɗe rukuni guda a kundi, a ce `masu-fayil`, duk wanda aka sa a ciki ya sami shiga:

`(&(objectClass=user)(memberOf=cn=masu-fayil,ou=rukunoni,dc=makaranta,dc=lan))`

Wanda yake so asusun da aka dakatar su fita daga lissafi sai ya ƙara `(!(userAccountControl:1.2.840.113556.1.4.803:=2))` a ciki, amma ya karanta amsar da ta shafi barin aiki kafin ya yi hakan. A lura da abu biyu. A OpenLDAP gurbin `memberOf` ba ya samuwa sai an kunna shi, kuma rukunonin da aka riga aka buɗe kafin kunnawar ba sa cika shi da kansu. A Active Directory kuma rukunin farko na mutum, wanda galibi Domain Users ne, ba ya fitowa a `memberOf`, don haka ba a gina tacewa a kansa ta wannan hanya.

Me ya sa foldojin mutane suke da dogayen sunaye na haruffa da lambobi, kuma za a iya canza su?

Wanda ya leƙa foldar `data` bayan haɗawa zai tarar da jerin sunaye masu tsawon harafi 36, lambobi da haruffa a cakuɗe an raba su da karan ɗori huɗu, babu mai iya cewa wannan ta akanta ce, waccan ta malamin lissafi. Wannan shi ne sunan ciki, wanda saba ke ɗauka daga lambar dindindin da kundi ke ba kowane asusu ranar da aka buɗe shi: `objectGUID` a Active Directory da Samba, `entryUUID` a OpenLDAP. An zaɓe ta ne domin ba ta canzawa ko da an canza sunan mutum, kuma babu mutum biyu da za su yi tarayya a kanta.

Ana iya sa saba ta ɗauki wani gurbi, misali `sAMAccountName`, ta wurin Internal Username Attribute a shafin Expert, sai foldoji su zama masu karantuwa. Amma wannan saiti yana aiki ne kan waɗanda saba ba ta taɓa gani ba kawai. Duk wanda aka riga aka ɗaure da sunan ciki, da shi zai zauna har ranar da aka goge asusunsa, domin fayilolinsa, abubuwan da aka raba masa, kalandarsa da lambobin mutanensa duk a jikin wannan suna suke rataye. Shi ya sa ake yanke wannan hukunci kafin a kammala saitin farko, tun kafin saba ta lissafa mutane. Ni dai na fi son barin lambar dindindin a duk inda ake yawan sauyin ma'aikata, domin rashin kyan gani a folda ya fi sauƙi a kan rikicin sunaye.

A wannan shafi na Expert akwai maɓalli mai goge teburin ɗauri gaba ɗaya. A kan sabar gwaji ba laifi. A kan sabar da mutane ke aiki da ita kuwa kada a taɓa shi ko da wasa, domin yana raba mutane da asusunsu, ya bar ragowar bayanai barkatai.

Muna da Aisha Muhammad uku da Abubakar Sani biyu. Yaya za a bambance su? Kuma haruffa masu lanƙwasa fa?

Wannan matsala ce ta gaske a wurinmu, kuma haɗarinta shi ne a aika takardar albashi ko sakamakon gwajin jini ga wadda ba ita ba ce, don kawai akwatin rabawa ya nuno suna ɗaya sau uku a jere. Maganin yana shafin Advanced, a gurbin 2nd User Display Name Field. Idan aka sa `mail` ko `department` a can, kowane suna zai fito da ƙarin bayani a gefensa, mai aikawa ya ga wannan ta sashen magani ce, waccan ta ɗakin haihuwa. Sunan shiga kuma gara a gina shi a kan lambar ma'aikaci ko lambar ɗalibi, a tuna cewa `sAMAccountName` ba ya wuce harafi 20.

Haruffan ɓ, ɗ, ƙ da ƴ suna zama lafiya a sunan da ake nunawa, kuma ya kamata a rubuta Ɗanladi da Ƙasimu yadda masu su ke rubutawa. A sunan shiga da sunan ciki ne ake guje musu, saboda sunan ciki ba ya karɓar komai sai haruffan Turanci, lambobi da 'yan alamomi kaɗan, sauran kuwa a musanya su ko a zubar, ga shi kuma ba kowane allon rubutu ne ke da su ba.

An ƙara mutum a kundi ko a rukuni, amma bai bayyana ba. Me ya faru?

Galibi babu abin da ya lalace. Nextcloud tana riƙe amsoshin kundi a ma'ajiyar wucin gadi na daƙiƙa 600, wato minti 10, don kada ta riƙa damun kundi da tambaya iri ɗaya. Sauran sabuntawa, kamar canjin imel da na rukuni, ayyukan bayan fage ne ke yin su, kuma waɗannan ba sa tafiya daidai sai an saita `cron` na injin, mai gudanar da umarni a kan lokaci, ya riƙa kiran `cron.php` duk minti 5. Idan aka bar saitin a kan AJAX, aikin yana motsawa ne kawai lokacin da wani ya buɗe shafi a burauza, don haka a hutun ƙarshen zango komai tsayawa yake yi. Mai gaggawa zai iya tilasta sabunta mutum ɗaya ta `occ`, kayan ba saba umarni a rubuce, da `sudo -u www-data php occ ldap:check-user --update` tare da sunansa na ciki.

A ownCloud 10 tsarin daban ne. Tana da nata teburin asusai, wanda ake cikawa da umarnin `occ user:sync "OCA\User_LDAP\User_Proxy" -m disable`, kuma sai an sa wannan umarni a `cron` da hannu. Kalmar ƙarshe ta umarnin tana da nauyi. An yi bayaninta a amsar barin aiki.

Rukunoni suna fitowa amma babu kowa a cikinsu, ko kuma lissafin mutane ya tsaya a wata lamba.

Rukuni marar mutane yawanci alama ce ta kuskure a gurbin Group Member association: Active Directory da Samba `member` suke amfani da shi, OpenLDAP kuwa yana iya zama `member`, `uniqueMember` ko `memberUid`, gwargwadon irin rukunin da aka buɗe. Idan an sa rukuni a cikin rukuni, misali malaman kimiyya a cikin malamai, sai a kunna Nested Groups, ko da yake hakan yana ƙara wa kundi nauyi. Tsayawar lissafi kuwa daga iyakar kundi take. Active Directory ba ya ba da sama da sakamako 1000 a amsa ɗaya, shi ya sa saba ke karɓa kashi-kashi, 500 a kowane zuwa, kuma bai kamata a ɗaga wannan lamba ta haura 1000 ba. OpenLDAP yana da iyakar 500 a saitinsa na asali, sai an ɗaga wa asusun hidima ita.

An yi wa ma'aikaci canjin wurin aiki, ko an gyara masa suna. Zai rasa fayilolinsa?

Ba zai rasa ba, muddin asusun nan nasa aka matsar ko aka gyara. Idan aka ɗauke malama daga sashen reshen Ringim zuwa na Gumel a cikin kundi ɗaya, DN ɗinta ya canza, amma lambar dindindin tana nan, saba za ta gane ta da ita, ta gyara teburinta. Sharaɗin kawai shi ne sabon wurin ya kasance a ƙarƙashin tushen binciken da aka ba saba, kuma tana cikin rukunin da tacewa ke nema. Abin da ke kawo asara shi ne al'adar goge asusu a buɗe sabo don gyaran harafi ɗaya.

Idan ma'aikaci ya yi ritaya, ko an sallame shi, ko Allah ya yi masa rasuwa, me ke faruwa da fayilolinsa?

Da zarar an dakatar da asusu a kundi, kundi zai daina karɓar kalmar sirrinsa, amma fayilolinsa suna nan daram. Idan asusun ya ɓace daga idon saba, ko don an goge shi ko don tacewa ta fitar da shi, wani aikin bayan fage da ke zagayawa duk minti 51 yana duba mutum 50 a kowane zagaye zai sa masa alamar wanda ya tafi. Alama ce kawai. Nextcloud ba ta goge fayil ɗin kowa da kanta. Ana ganin jerin irin waɗannan da `occ ldap:show-remnants`, ana kuma goge su ɗaya bayan ɗaya da `occ user:delete`, wanda ke tafiya da komai ba dawowa. A ownCloud, idan aka rubuta `-m remove` a maimakon `-m disable`, gogewar da kanta take faruwa, har da fayiloli, ta yadda kuskure ɗaya a tacewa zai iya share mutane da yawa cikin dare guda. Kada a taɓa sa `remove` a `cron`.

Tsarin da ya fi aminci shi ne a bi abin daki-daki. A fara da dakatar da asusun a kundi da kuma cikin saba, a cire na'urorin da ya jona, a duba hanyoyin rabawa na waje da ya buɗe. Sannan, tun yana cikin lissafi, a miƙa fayilolin aiki ga magajinsa da `occ files:transfer-ownership`, bayan magajin ya shiga sabar aƙalla sau ɗaya. Sai an tabbatar komai ya isa sannan a goge. Idan rasuwa ce, a ware abin da yake na kansa, kamar hotunan iyali da takardun gida, a miƙa wa magada ta hannun shugaban ma'aikata, domin amana ce, kuma Dokar Kare Bayanai ta Najeriya ta 2023 ta ɗora wa kowace hukuma nauyin kula da bayanan mutane da ke hannunta.

Akwai tarko guda da yawan sunaye iri ɗaya ke ƙara wa haɗari. Saba tana fara duba DN kafin lambar dindindin, don haka idan aka goge wani Musa Ibrahim a kundi ba a goge ragowarsa a saba ba, daga baya aka ɗauki sabon Musa Ibrahim aka buɗe masa asusu a sashe ɗaya da DN iri ɗaya, yana iya shiga ya tarar da fayilolin na farko. Hanyar rage duk wannan wahala tun daga tushe ita ce a riƙa ajiye takardun hukuma a foldojin rukuni, ta manhajar Group folders, inda fayil na sashe ne, tafiyar mutum ba ta taɓa shi.

Wuta ta ɗauke, sabar fayiloli ta tashi amma babu mai iya shiga.

Tunda kundi ne ke tantance kowa, kamar yadda amsa ta biyu ta nuna, rashinsa na nufin rufewar ƙofa ga duk wanda ba admin na ciki ba. Saboda haka injin kundi ne ya fi cancantar zama a kan inbata da batirin sola, tare da na'urar da ke haɗa layukan, kuma idan kundi da saba na cikin inji ɗaya ne a tsara kundi ya riga saba tashi. Mai hali ya kafa kundi na biyu, ya rubuta shi a gurbin Backup Host na shafin Advanced. Reshen da ke nesa, wanda ke dogaro da intanet ɗin layin waya, kuma yana da tasa sabar, ya kamata a ajiye masa kwafin kundi a wurinsa, in ba haka ba duk katsewar sabis katsewar aiki ce.

Idan kundi yana aiki amma har yanzu an ƙi karɓa, a duba agogo. Tsohon inji da ƙaramin batirinsa na CR2032 ya mutu yakan farka bayan ɗaukewar wuta da kwanan watan shekarun baya, sai saba ta ga kamar lokacin fara aikin satifiket bai yi ba, ta ƙi shi. Kerberos, wanda kwamfutocin Windows ke shiga da shi, ba ya yafe bambancin da ya wuce minti 5. A canza batirin, a kuma sa `chrony` ya riƙa daidaita agogon duka injinan daga wuri guda. Zafin Afrilu da ƙurar hunturu ma suna kashe inji ba sallama, don haka share fanka na cikin aikin.

Mutum ya canza kalmar sirri, wayarsa ta daina daidaita fayiloli.

Saba ba ta samun labarin canjin da aka yi a kundi sai ta gwada tsohuwar kalma an ƙi. Ya shiga ta burauza da sabuwar, yawanci na'urorinsa za su dawo aiki. In ba su dawo ba ya sake jona manhajar. Inda abin ke da tsanani shi ne idan an kunna rufe fayiloli na cikin saba da mabuɗin kowane mutum daban, domin mabuɗin yana kulle ne da tsohuwar kalmar sirri, kuma wanda ya manta ta zai iya rasa fayilolinsa idan ba a tanadi mabuɗin ceto ba. Duk inda aka haɗa da kundi, a yi amfani da babban mabuɗi guda.

Yaya ake gane ma'anar kurakuran da ke fitowa?

A fara da `occ ldap:test-config s01`, inda `s01` shi ne sunan saitin haɗin, sannan a karanta `nextcloud.log`. Lamba 32 na nufin babu tushen ko DN ɗin da aka rubuta, lamba 4 an ci karo da iyakar sakamako, lamba 8 kundi na neman rufaffen layi. Lamba 49 ƙin karɓar shaida ce, kuma Active Directory yana ƙara mata bayani bayan kalmar `data`: `52e` kalmar sirri ba daidai ba ce, `532` wa'adinta ya ƙare, `533` an dakatar da asusun, `773` dole ya canza ta kafin ya shiga, `775` an kulle shi saboda yawan kuskure. Ta `773` ita ce ke kama sababbin ma'aikatan da aka ba kalmar wucin gadi amma ba su taɓa zama a kwamfutar ofis sun canza ta ba. Idan kowa ne ya kasa shiga lokaci guda da lamba 49, asusun hidima za a fara zargi.

Mun riga mun buɗe wa mutane asusai a cikin saba, ko muna so mu sauya kundi gaba ɗaya. Yaya za mu ƙaura ba tare da asara ba?

Saba ba ta haɗe asusun ciki da na kundi don sunansu ya zo ɗaya. Tana ɗaukar su mutum biyu ne, idan sunan ciki ya yi karo kuma ta liƙa wa sabon lamba a ƙarshe. Kowa ya shiga da asusunsa na kundi sau ɗaya, a miƙa masa fayilolinsa da `occ files:transfer-ownership`, a ɗauke kalanda da lambobin mutane daban domin wannan umarni bai shafe su ba, sannan a dakatar da tsohon asusun na ɗan lokaci kafin a goge shi. A yi sashe-sashe, a fara da ɗakin kwamfuta.

Sauya kundi, misali daga OpenLDAP zuwa Samba, ya fi wannan nauyi, domin DN da lambar dindindin duka za su canza, saba ta ga kowa baƙo ne mai folda fanko. Ana kauce wa haka ta hanyar ɗauko tsohuwar lambar kowane mutum a rubuta ta a wani gurbi na sabon kundi, sannan a nuna wa saba wannan gurbi ta wurin saitin UUID, wato lambar dindindin, na shafin Expert, ko kuma a gyara teburin ɗauri layi-layi. Kowacce aka zaɓa, a gwada ta a kan kwafin saba tukuna. Kafin a taɓa komai a ɗauki kwafin ajiya na abu huɗu a rana ɗaya: foldar `data`, rumbun bayanai, fayil ɗin `config.php`, da kundin kansa, da `slapcat` idan OpenLDAP ne, da `samba-tool domain backup` idan Samba ce, ko System State idan Windows ne. Kundin da aka sake ginawa daga fanko bayan faifai ya mutu sababbin lambobi zai ba kowa ko da an maimaita sunayen harafi da harafi, don haka kwafin kundi ya kwana a wani gini daban da wanda injinan suke.